Shawarwari ga mai muhawara kan auren Yesu Almasihu

A wata tattaunawa kan ko Yesu ya yi aure, abin da masu tattaunawar suka fi nanatawa shi ne: kafin ka buɗe baki, karanta Linjila huɗu. Matta, Markus, Luka da Yohanna ba su ambaci matarsa ba, alhali sun ambaci mahaifiyarsa, har da surukar almajirinsa Bitrus. Wani ya ce ai malaman Yahudawa duk suna aure, aka tuna masa da Isiniyawa, wata ƙungiyar Yahudawa ta zamanin Yesu, waɗanda da yawansu ba sa yi.

An kuma ja kunne kan guntun wata takarda ta Kibɗanci (tsohon harshen Kiristocin Masar) da Karen King ta Jami'ar Harvard ta bayyana a 2012, wadda a cikinta aka rubuta cewa Yesu ya ce "matata". Ashe jabu ce, King da kanta ta yarda a 2016 cewa hujjoji sun fi nuna hakan. Har yau ana yawo da ita a WhatsApp.