Me ke sa wasu 'yan mata su fara sanin namiji da wuri, wasu kuma su jinkirta?

Uwar Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya ce gare ni ga masana lafiya da masu bincike a cikinmu. Duk sanda aka tada maganar shekarun da mace ke fara sanin ɗa namiji, amsa biyu ake bayarwa: ko a ce rashin tarbiyya, ko a ce waya ta lalata yara. Amma sai ka ga gida ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, ya da ƙanwa sun sha bamban da shekara huɗu ko biyar wajen farawa. Mene ne aka tabbatar yana gaggauta abin ko jinkirta shi? Kuma gaskiya ne wai koya wa yara ilimin jikinsu buɗe musu ido yake yi? Don Allah a ba ni abin da aka auna, ba zato ba.

Mai Ƙididdiga ya rubuta:

Wa alaikumus salam Hajiya. A fara da inda lambar shekarun farawa ke fitowa. Yawancinta daga binciken gida-gida ne da ake kira DHS, wanda aka soma a 1984, aka kuma yi a ƙasashe sama da 90. Tambaya ɗaya ake yi wa mata 'yan shekara 15 zuwa 49: shekarunki nawa lokacin da kika fara saduwa? Sai a fitar da shekarar da rabin matan suka riga suka fara. Daga amsar 'yan 20 ko 25 zuwa sama ake ɗaukar ta, don ƙananan da yawansu ba su kai ga abin ba tukuna.

Lambar tana da ramuka. Budurwa kan ɓoye, musamman in akwai mai kasa kunne a bakin ƙofa. Matar aure kan faɗi shekarar aurenta ko da abin ya riga auren. Wata ma ba ta san shekarunta daidai ba. Sannan tambayar ba ta raba na cikin aure da na waje ba, kuma nan ne mutane ke ruɗewa. UNICEF ta ce kusan mace ɗaya cikin biyar a duniya ana aurar da ita kafin ta cika 18. Inda hakan ya yawaita, ranar aure ce ke yanke shekarar, kuma ba yarinyar ce ta sa ranar ba.

Bayan aure sai makaranta. Wadda ta yi sakandare takan fara daga baya fiye da wadda ba ta shiga aji ba, kusan ko'ina aka auna. Sai dai da sauran rina a kaba: barin makarantar ne ya jawo saduwar, ko ciki ne ya fitar da ita daga aji? Gwaji ne kaɗai ke warware wannan. A yammacin Kenya, daga 2003, an ɗauki makarantun firamare 328, aka yi ƙuri'a, aka raba wa ɗaliban wasu kayan makaranta kyauta. Riga da siket kawai. Barin makaranta ya ragu a wurin waɗanda aka ba, ciki da auren wuri ma suka ragu. A gundumar Zomba ta Malawi kuma, a 2008 da 2009, kuɗi aka riƙa ba 'yan mata masu shekara 13 zuwa 22 da iyayensu duk wata. Mu'amala da manyan maza ta ragu, haka ma cutar HIV a tsakanin 'yan makarantar da suka karɓa. Da aka tsayar da kuɗin, yawancin ribar ta dusashe cikin 'yan shekaru. Wato buƙata ce ke tura da yawa, kuma in buƙatar ta dawo, abin ya dawo.

Ungozoma ta rubuta:

Malam ya kawo aure da aljihu, bari in kawo jiki, 'yar'uwa.

Balagar mace kan soma tsakanin shekara 8 da 13 da ƙirgen dangi, jinin al'ada ya biyo baya da kamar shekara biyu zuwa biyu da rabi. A Turai ta tsakiyar ƙarni na 19 sai wajen 16 ko 17 yarinya ke ganin jini, yanzu 12 zuwa 13 ne, saboda ƙoshi da raguwar cututtuka. Gaban ƙwaƙwalwa kuwa, mai taka birki da hangen abin da zai biyo baya, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Wadda ta riga sa'o'inta cika ido takan riga su farawa, amma ba don sha'awa kaɗai ba. Idon manyan maza ne ke sauka a kanta tun tana 'yar 11, ana yi mata magana irin ta babba alhali hankalinta na yara ne. In alamun balaga suka bayyana kafin shekara 8, a kai ta wurin likita.

Abin da nake so a daina tsallakewa shi ne tilas. Kalmar "ta fara" tana sa a ɗauka ita ta zaɓa. A binciken Hukumar Lafiya ta Duniya na 2005, wanda ya tambayi mata kusan 24,000 a ƙasashe 10, kashi 30 cikin ɗari na matan karkarar Bangladesh sun ce saduwarsu ta farko dole aka yi musu, kuma gwargwadon ƙanƙantar shekaru gwargwadon yawan tilas. A Amurka ma, wani nazari na 2019 ya samu mace ɗaya cikin 16. Mai yin abin galibi wanda ta sani ne: saurayi, miji, ɗan'uwa, maƙwabci, malami. Tazarar shekaru ita ce babbar alama. 'Yar 15 da ɗan 28 ba ciniki suke yi ba, shi ke da kuɗi, shi ke da wayo, shi ke cewa ba za a sa kwaroron roba ba.

Dalilin da ya sa muke damuwa da shekarun: bakin mahaifar yarinya bai gama ƙwari ba, ƙwayoyin cuta sun fi saurin kama shi, har da HPV mai jawo sankarar bakin mahaifa. Shi ya sa ake yin rigakafinta tsakanin shekara 9 da 14, kafin a fara komai, kuma tun 2022 Hukumar ta amince allura ɗaya ma tana wadatarwa. Ciki na iya shiga tun karon farko, har kafin jinin farko, don ƙwai kan riga jinin fita. Jijjigar masu ciki ta fi kama 'yan ƙasa da 20.

In an yi wa yarinya fyaɗe, agogo ne abokin gaba. Maganin kariya daga HIV cikin awa 72 ake fara shi, a sha kwana 28. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa cikin kwana 5, kuma da sauri ya fi. Kada a wanke tufafin, a sa su a takarda ba leda ba, don leda na riƙe danshi ta lalata shaida. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kwana uku ana shawarar yadda za a rufa asiri.

Malamin Aji ya rubuta:

Hajiya, tambayarki ta ƙarshe tana da amsa. UNESCO ta tattara gwaje-gwaje masu yawa a jagorarta ta 2018: darasin jiki da mu'amala da aka tsara daidai da shekarun yaro bai sa an fara da wuri ba, a wurare da dama ma jinkirtawa ya yi. Wanda ya gaza shi ne na "kada ki yi" zalla. A 2007 an fitar da sakamakon irin waɗannan shirye-shirye huɗu a Amurka, shekarun farawa suka zo ɗaya da na yaran da ba su shiga ba. Masu alƙawarin tsare budurci a bainar jama'a kuwa, da aka waiwaye su bayan shekara biyar aka gwada su da takwarorinsu masu irin aƙidarsu, babu bambanci, sai ma an fi samun rashin kariya a wurinsu. Riƙo da addini kansa ana ganinsa tare da jinkiri. Alƙawarin yini ɗaya ne bai ƙara komai a kai ba.

Bayani takamaimai ya fi tsoratarwa aiki. A Kenya dai, an nuna wa 'yan mata alƙaluman HIV na maza gwargwadon shekarunsu, suka gani da idonsu cewa manya sun fi samari ɗauke da ita. Ciki ya ragu da kashi 28. Sun guji manyan ne, ba wai duk sun daina ba.

Maganar waya kuma a yi ta da sauƙi. A Amurka, ɗaliban sakandare da suka ce sun taɓa saduwa kashi 54 ne a 1991, suka koma 30 a 2021, daidai zamanin da waya ta shiga kowane aljihu. Haɗarinta na gaske shi ne babban da ke lallaɓo yarinya ta saƙo. A gida abin da ke aiki ba kulle ba ne: a san inda take, da wa take, a san awannin da babu babba kusa, musamman tsakanin tashi makaranta da dawowar iyaye. A kuma soma hirar tun tana 9 ko 10, kaɗan-kaɗan. A faɗa mata ƙawayen da ke cika baki yawancinsu ƙarya suke yi, don zaton "kowa na yi" yana ja fiye da abin da ake yi a zahiri.

Mai Ƙididdiga ya sake rubutawa:

Malam, sa ido na aiki, amma a lura yarinyar da ke faɗa wa uwarta inda za ta tun asali daban take, don haka ba duk ribar ce ta sa idon ba. Haka batun rashin uba a gida: nazarin 2003 a Amurka da New Zealand ya same shi tare da saurin farawa, daga baya masu kwatanta 'ya'yan dangi ɗaya suka nuna wani kaso gado ne da halin gidan. Hajiya, kan ya da ƙanwar da kika ambata, a duba shekarar da kowacce ta balaga, da wadda karatunta ya faɗo a shekarar da kuɗi ya yanke, da kuma wane namiji ne ke shiga gidan a lokacin.