Neman kalmar Hausa: me za mu kira emuleta da bacuwal mashin?

Mai Shiri, Unguwar Rimi

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina neman taimakonku kafin ranar Alhamis, domin a ranar za mu naɗi shirinmu na kimiyya da fasaha a gidan rediyo, kuma batun makon shi ne yadda ake tayar da tsofaffin manhajojin zamanin DOS, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kafin Windows ta yaɗu, a kan kwamfutocin yau. Ina nufin manhajojin nan da babu hoto a cikinsu sai rubutu zalla a kan baƙar fuska ko shuɗiya, layi 25, kowane layi da gurbin harafi 80, irin su WordStar da WordPerfect 5.1 da Lotus 1-2-3 da dBase. Har yanzu akwai masu shagunan magani da na kayan gyaran mota a garin nan na Kaduna waɗanda lissafin hajarsu yana cikin manhajar da wani ya rubuta musu da harshen rubuta manhaja na FoxPro ko Clipper tun shekarun 1990, kuma da zarar tsohuwar kwamfutar ta mutu an sayo sabuwa, sai manhajar ta ƙi tashi. Baƙon da muka gayyato zai riƙa ambaton emuleta da bacuwal mashin, wato hanyoyi biyu da ake bi a tayar da irin waɗannan manhajoji a sabuwar kwamfuta, ni kuwa ina son kalmar da mai sauraro zai ji sau ɗaya ya kama, tun da a rediyo ba a komawa baya a sake karanta layi.

Malamin Hausa, Tudun Wada

Wa alaikumus salam. Ta farkon ba ta da wahala: makwaikwayi, daga kwaikwaya, a kan awon mabuɗi da magogi da masassabi, wato sunan kayan aiki. Kada a rikita shi da makwaikwayi mutum. Na kayan aiki duk gaɓoɓinsa karin sama ne, jam'insa kuma makwaikwayai kamar mabuɗai, shi kuwa na mutum tsakiyarsa tana sauka ƙasa kamar marubuci, jam'insa makwaikwaya. Tun da a baki za ka faɗe shi, karin sautin zai raba maka su. Ta biyun kuma, a ganina, kalmar nan ɗaya ta wadatar, domin duka kwaikwayon kwamfuta suke yi.

Injiniya, Kakuri

Allah ya gafarta Malam, na karɓi makwaikwayi, amma haɗa su a kalma ɗaya zai ɓata shirin, domin bambancinsu shi ne abin da mai shago yake bukatar ya sani kafin ya biya kuɗin gyara.

Manhajojin DOS an rubuta su ne don masarrafi, wato furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfuta, mai bit 16 (ma'aunin yawan bayanin da yake ɗauka a lokaci ɗaya), irin wanda ke cikin kwamfutar IBM ta 1981. Windows mai bit 32 tana da wani ɓangare da ke karɓar su, mai bit 64 kuwa ba ta da shi, sannan Windows 11 da ta fito a 2021 mai bit 64 kaɗai aka yi. Dalilin ƙin tashin ke nan. Emuleta irin DOSBox, wadda ta fito a 2002, tana gina tsohuwar kwamfutar ɗungurungum da lissafi: masarrafinta, da katin hotonta, da katin sautinta. Kowane umarni da tsohuwar manhajar ta bayar sai an juya shi zuwa wanda sabuwar na'urar take ganewa, saboda haka tana cin ƙarfi, amma ba ruwanta da irin masarrafin da ke ƙasa, har a wayar hannu tana aiki. Bacuwal mashin irin na VirtualBox ko VMware kuwa ba ya juya umarni. Yana yankar wani kaso na ainihin masarrafin da ma'adanar kwamfutar ne ya keɓe shi, ya ba ka kwamfuta fanko, kai ne za ka zuba mata babbar manhaja da hannunka, ko MS-DOS 6.22 ta 1994, ko FreeDOS wadda kyauta ce. Ya fi sauri, amma dole masarrafin ya zama jinsi ɗaya da wanda manhajar ta sani. Shi ya sa kwamfutocin Apple masu masarrafin M1, da aka fara sayarwa a 2020, ba sa ɗaukar DOS ta wannan hanyar, domin masarrafinsu jinsin ARM ne, sai dai a bi ta emuleta. Kalma biyu muke bukata.

Dattijo, Kawo

Na karanta bayanin Injiniya da kyau, kuma bayanin da kansa ya ba mu amsa. Abin da ya sa rigar wani, ya yi magana da muryar wani, har wanda ke gabansa ya ɗauka shi ne, Bahaushe ya daɗe da raɗa masa suna: sojan gona. Manhajar sojan gona. Ba a ƙirƙiro komai ba, ba a aro komai ba, kuma tsohuwa a ƙauye ta san ma'anarsa. Ta biyun kuma a ce kwamfutar gizo, tun da ana ganinta amma ba a taɓa ta, kamar yadda muke cewa abu yana yi wa ido gizo. Abin da ba zan lamunta ba shi ne in kunna rediyo in ji ɗan Bahaushe yana cewa bacuwal mashin da bakinsa.

Malama mai fassara, Malali

Baba, da girmamawa, sojan gona ba zai yi ba. Ni nake fassara labarai, kuma wannan kalmar ba ta fitowa a bakin mai karanta labarai sai an kama wani da kakin da ba nasa ba yana karɓar kuɗin mutane a hanya. Idan aka ce wa mai shago a rediyo ya sa manhajar sojan gona a kwamfutar da lissafin bashinsa yake ciki, zai ɗauka ana gargaɗinsa ne a kan damfara. Gizo kuma mun riga mun ba intanet, tun da muna cewa yanar gizo, kuma duk wanda ya ji kwamfutar gizo zai zaci sai da data take aiki, alhali ko layin waya ba ta bukata.

Ni ma ina da ja a kan makwaikwayi. Kunnen mai sauraro zai tafi wasan kwaikwayo, sannan idan gobe aka zo maganar na'urar da ake koya wa matuƙan jirgin sama tuƙi a ƙasa, ita ma kwaikwayo take yi, da me za mu kira ta? Bisa bayanin Injiniya, aikin emuleta juya magana ne tsakanin biyu da ba sa jin harshen juna, saboda haka ina ba da shawarar manhajar tafinta.

Injiniya, Kakuri

Malama, tafinta ya dace da rabin aikin, amma mu da ke koyar da rubuta manhaja da Hausa mun riga mun ɗora shi a kan abin da ke karanta harsuna irin su BASIC da Python layi bayan layi yana aiwatarwa. Kuma emuleta ba a juya umarni ta tsaya ba, har agogon tsohuwar na'urar da saurinta take kwaikwayo, domin akwai manhajojin da idan suka sami masarrafi mai gudun yau sai su rikice.

Dattijo, Kawo

'Yata, ba laifin kalmar ba ne idan 'yan jarida sun taƙaita ta a kan masu laifi. Ku ne da gidajen rediyo kuke da ikon faɗaɗa ta. Jirgi a da na ruwa ne kawai, da dogo ya iso Kano a 1911 kakanninmu suka ce jirgin ƙasa, daga baya suka ce jirgin sama, ba wanda ya ruɗe. Matsalarmu a Kaduna ita ce Hausar bariki ta yi mana yawa, kowa ya kwaso Turanci ya lanƙwasa shi ya ce Hausa ce. Da a Sakkwato ko Katsina ake wannan zancen, da tuni an gama. Ku duba yadda magabata suka yi aiki a Zariya tun da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, ba su yi wannan ragwancin ba. Ina nan a kan sojan gona.

Mai Gyara, Kasuwar Barci

Ranka ya daɗe Baba, kwabon da ke cikin sunan jaridar ma daga Turanci aka aro shi, haka mota da tebur da bokiti da asibiti, kuma ba wanda ya ce magabata sun yi ragwanci. Hausar Kaduna da ake rainawa ita ce wadda Bagwari da Bajju da Bayarabe da Banufe suke ciniki da ita kullum a kasuwa, kuma ita ta sa harshen yake ƙara yaɗuwa.

Ni ga abin da ake faɗa a bakin aiki. Mutum zai zo da tsohon hadis, wato faifan ajiyar bayanan kwamfuta, a leda ya ce lissafinsa na ciki. Sai in kwafe fayilolin, in buɗe DOSBox, in haɗa masa foldar a matsayin faifan C, shuɗiyar fuskar nan ta bayyana da jerin kayansa, ya ce alhamdu lillahi. Daga nan sai ya ce a buga masa rasit, a nan ake yin ta, domin manhajar tana neman firinta a tsohuwar kafa mai faɗi da ake kira LPT1, wadda sababbin kwamfutoci ba su da ita, ita kuma DOSBox ta asali don wasanni aka yi ta. Sai an koma DOSBox-X ko vDos, waɗanda suka fi kula da bugawa. A duk wannan hidimar abin da muke cewa shi ne a sa masa DOSBox, ko a yi masa bacuwal. Duk kalmar da kuka zaɓa, idan mai sauraro ya zo shagona da ita ban gane ba, shirin bai amfane shi ba. A faɗi ta Hausar, amma a haɗa da sunan manhajar.

Malamin Hausa, Tudun Wada

Maganar wace Hausa ta fi wata ba za ta naɗa wa Mai Shiri shirinsa ba, kuma daidaitacciyar Hausar da muke rubutu da ita ta fi kusa da ta Kano, ba ta Sakkwato ba, idan ma asali ake nema. Na janye batun kalma ɗaya. Game da ƙorafin Malama, ba a cewa makwaikwayi shi kaɗai, a ce makwaikwayin kwamfuta, ita kuma na'urar matuƙa a ce makwaikwayin jirgi idan ranarta ta zo. Ga ta biyun, tun da Injiniya ya ce wuri ake keɓe mata a cikin wata kwamfutar, ta ci daga abin da ke gidan, me zai hana a ce baƙuwar kwamfuta, ita kuma ta ainihin a ce mai masauki?

Injiniya, Kakuri

Wannan ya yi kusa ƙwarai, domin su kansu masu VirtualBox da VMware baƙo da mai masauki suke cewa a harshensu. Sai dai a wurinsu baƙon shi ne babbar manhajar da aka zuba a ciki, ba kwamfutar fankon ba, saboda haka idan ina koyar da ɗalibai zan ci gaba da cewa kwamfutar cikin kwamfuta. Kuma akwai QEMU, wadda wani Bafaranshe, Fabrice Bellard, ya fitar a 2003, tana iya aikin makwaikwayi, tana iya aikin baƙuwar, gwargwadon yadda aka saita ta. Don rediyo dai ba zan hana ba.

Malama mai fassara, Malali

Zan bi makwaikwayin kwamfuta, ba don ya gamsar da ni ba. Amma akwai kalma ta uku da ba wanda ya taɓa: su kansu manhajojin. Idan ka ce manhajar rubutu, mai sauraro zai ɗauka irin Word kake nufi, alhali Lotus 1-2-3 ta lissafi ce. Kuma ka gaya wa baƙonka ya faɗa wa masu tsofaffin takardun Hausa cewa jerin haruffan DOS na asali ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, shi ya sa za su tarar an rubuta su da k da d da b ko da waƙafi a gefe, kuma babu makwaikwayin da zai gyara musu wannan, sai sun bi da hannu.

Mai Shiri, Unguwar Rimi

Na gode, Allah ya saka da alheri. Ga abin da zan shiga da shi ranar Alhamis: makwaikwayin kwamfuta, da karin sama kamar yadda Malam ya nuna, sai baƙuwar kwamfuta da mai masaukinta. A farkon ambato zan haɗa kowanne da sunan manhaja, DOSBox da VirtualBox, saboda maganar Mai Gyara. Manhajojin kuma zan ce masu fuskar rubutu zalla, sai idan wani ya kawo wadda ta fi ta kafin daren Laraba. Baba, a yi mini afuwa a kan sojan gona.

Dattijo, Kawo

Baƙuwar kwamfuta ba laifi, Hausa ce. Makwaikwayin kwamfuta kuwa gaɓa bakwai ne, za ka ji yadda zai yi maka nauyi a baki kafin ka kai rabin shirin. Zan saurara, kuma idan an buɗe layin waya zan kira in faɗi tawa.

Mai Gyara, Kasuwar Barci

Malam Mai Shiri, ka ƙara da cewa kowa ya kwafe fayilolinsa a filas tun tsohuwar kwamfutar tana tashi. Idan hadis ɗin ya riga ya mutu, babu abin da za mu zuba a cikin ko wannensu.