Jiki kamar wuta amma yaro yana kukan sanyi, me ke kawo haka?

Maman Sadik:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Daren jiya ban runtsa ba. Wajen ƙarfe biyu na ji Sadik, ɗan shekara huɗu, yana karkarwa har haƙoransa na haɗuwa, yana cewa "Mama sanyi". Na taɓa goshinsa, wallahi kamar murfin tukunya. Na sa masa ma'aunin zafi a hammata, 39.2. Amma tafin ƙafarsa sanyi ƙalau. Hajiyarmu ta ce a lulluɓe shi da bargo biyu, maigida ya ce a watsa masa ruwan randa. Na rasa na wa zan bi, sai na ba shi paracetamol. Kafin asuba ya jiƙe sharkaf da gumi. Abin da ya ɗaure min kai, ta yaya mai zafin jiki haka zai ji sanyi?

Sista Rabi:
Wa alaikumus salam, sannu Maman Sadik, ya mai jiki? Ni ma'aikaciyar jinya ce. Kin san dutsen guga na lantarki, idan kin murɗa shi zuwa lamba mai sama sai ya yi ta ɗaukar zafi har ya kai can? To a ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri, hypothalamus, shi ke riƙe zafin jiki a wajen 37. Idan ƙwayar cuta ta shiga, sojojin jini sukan saki wasu sinadarai da ke murɗa shi zuwa 39, misali. Jiki yana 37 ko 38, ƙwaƙwalwa na neman 39, sai ta ɗauka ana cikin sanyi. Shi ya sa take janye jini daga fata, ƙafa ta yi sanyi, ta kuma sa tsoka rawa don a samar da zafi. Paracetamol ya dawo da lambar ƙasa, jiki ya ga zafinsa ya yi yawa, sai gumi. Bargo biyu riƙe zafi yake yi, ruwan randa kuma ƙara karkarwar zai yi. Riga mara nauyi, da ba shi ruwa akai-akai. Kada ki ba yaro aspirin.

Baban Ummi:
Ai maleriya ce kawai, damina ce fa. Ki je kemis a haɗo masa na maleriya da taifot, mu haka muke yi.

Sista Rabi:
Malam, a yi haƙuri, nan ne ake samun matsala. Zazzaɓi alama ce, ba shi ne ciwon ba. Ciwon kunne, makogwaro, kyanda, nimoniya, ciwon mafitsara, duk suna kawo shi. Gwajin maleriya ɗigon jini ne a yatsa, minti 15 zuwa 20 an gani. Kuma idan wuya ya sanƙare, ko yaro ya yi jijjiga, ko ya kasa shan komai, ko jariri ne da bai kai wata uku ba zafin jikinsa ya kai 38, ba a jiran gari ya waye.

Maman Sadik:
Allah ya saka da alheri Sista. Yanzu muka dawo daga asibiti. Gwajin maleriya bai nuna komai ba, da likita ya haska kunnensa na hagu sai ga shi ja wur. Ashe shi ya sa tun shekaranjiya yake ta jan kunnen ni ina hantararsa. Hajiya dai har yanzu tana nan a kan bargonta.