Muhawara: Gwamna Ya Ce a Sayi Bindiga, Doka Ta Ce A'a

Manomin Dawa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Da ɓacin rai nake wannan rubutu. A daminar da ta wuce ɓarayin daji suka tarar da ƙanena a gona, suka tafi da shi tare da shanun huɗa biyu, kuma sai da muka sayar da babur da ɗan hatsin da ke rumbu kafin muka haɗa kuɗin fansa. Bayan ya dawo na je neman lasisin bindiga mai baki biyu, aka ce mini an dakatar da bayarwa. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta umarci mutanen Zamfara su nemi makami su kare kansu, har ta ce za ta raba fom 500 ga kowace masarauta cikin masarautu 19, kuma tun a 2021 Aminu Masari, gwamnan Katsina na lokacin, ya faɗa wa Katsinawa irin wannan magana. To idan gwamna ya ce ka saya, 'yan sanda suka ce ba sa bayarwa, ɓarawo kuma bai taɓa cika fom ba, ashe lokaci bai yi ba da za a gyara dokar? Riƙe bindiga haƙƙina ne, kuma an danne mini shi.

Lauyan Unguwa: Wa alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba, Malam, ya mayar da abin da aka rasa. Sai dai ina da gyara a kan kalmar haƙƙi. Dokar makamai da ake aiki da ita a Najeriya ta 1959 ce, tun kafin samun 'yancin kai, kuma ta kasa bindigogi kashi uku: na yaƙi, waɗanda shugaban ƙasa ne kaɗai ke ba da izininsu, na kai, irin mai baki biyu, waɗanda ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, sai adaka, wadda kwamishinan 'yan sanda na jiha ke lura da ita. Duk abin da sai ka nemi izini, kuma ana iya hana ka ko a karɓe bayan an ba ka, sunansa alfarma. Wannan ne ya sa Janar Lucky Irabor, babban hafsan tsaro na lokacin, ya ce gwamna ba shi da hurumin ba da wancan umarni.

Ɗalibin Ilimi: Barista, da girmanka, ba Bature ne ya fara yanke mana abin da ake kira haƙƙi ba. Hadisi ingantacce ya zo cewa wanda aka kashe yana kare dukiyarsa shahidi ne. Yaya za a ce abin da Shari'a ta ɗaukaka har zuwa darajar shahada alfarma ce daga hannun ɗan sanda?

Lauyan Unguwa: Allah gafarta Malam, hadisin yana magana ne a kan kare kai, kuma sashe na 33 na tsarin mulki ma ya yarda mutum ya yi amfani da ƙarfi gwargwado don kare rai da dukiya. Kare kai daban, mallakar wani nau'in makami daban. Kada mu haɗa su.

Ɗalibin Ilimi: To da me zai kare kansa, da fartanya? Abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne, kuma wannan ƙa'ida ce da ƙaramin ɗalibin fiƙihu ya sani.

Baƙo a Amurka: Ina ganin wannan kalma ta haƙƙi daga nan inda nake aka aro ta, domin a Amurka ne aka rubuta riƙe makami cikin tsarin mulki tun 1791. Ni kuwa da idona nake ganin abin da ya haifar. A watan Mayun 2022 wani matashi mai shekara 18 ya shiga makarantar firamare a garin Uvalde na jihar Texas ya kashe yara 19 da malamai 2, da bindigar da ya saya bisa doka. 'Ya'yana a makaranta ana koya musu yadda za su ɓuya idan ɗan bindiga ya shigo.

Ɗan Tasha: Alhaji, kai da ke can inda idan ka buga waya 'yan sanda ke zuwa kafin shayi ya huce, ka bar mu da namu. An kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, an kwashe 'yan mata 279 a Jangebe a Fabrairun 2021, kuma babu tsarin mulkin da ya ba ɓarayin haƙƙin komai. Sannan kalmar haƙƙi muna faɗarta tun kafin a san da Amurka.

Baƙo a Amurka: Ɗan'uwa, iyayena suna gida, kuma ni ma na taɓa tura kuɗin fansa. Zama a waje bai cire ni daga cikin masu magana ba.

Uwar Marayu: Ku maza kuna ta jayayya a kan kalma, ni kuwa na ga abin da bindiga ke yi a hannun wanda ba hukuma ba. 'Yan sa-kai ne suka kama ɗan yayata a kasuwa bisa zargin yana kai wa ɓarayi bayani, ba alƙali ba shaida, kuma gawarsa muka ɗauko. Bayan kwana kaɗan ɓarayin suka shigo ɗaukar fansar wasu da aka kashe musu a ranar, suka ƙone rumbuna. Idan aka ba kowane gida bindiga, duk mai jin haushin maƙwabcinsa a kan iyakar gona ko neman aure ya samu abin da zai huce da shi.

Ɗan Tasha: Hajiya, Allah ya jiƙansa, amma kada ki yi wa 'yan sa-kai kuɗin goro. Da ba don su ba, da garuruwa da yawa sun zama kufai.

Mai Kishin Jiha: Ai shi ya sa Gwamna Dauda Lawal ya kafa Askarawan Zamfara a Janairun 2024, masu horo da kaki da shugabanci, maimakon a ce wa talaka je ka sayi bindiga kamar ana aikensa cefane. Waccan sanarwa ta 2022 guje wa nauyi ce kawai.

Ɗan Amanar Dodo: Ka daina saka siyasa. Matawalle ya gwada sulhu a 2019, ya rufe layukan waya da kasuwanni a 2021, sai da komai ya ƙi sannan ya ce jama'a su tashi. Askarawan naku sun hana satar mutane ne? Ka faɗa mana.

Mai Kishin Jiha: Wanda sunansa kaɗai, mai ɗauke da Dodo laƙabin Matawalle, ya nuna gidan da yake cin tuwo shi ne yake cewa a daina siyasa.

Tsohon Soja: Yara, ku saurara. Ko da an ba Manomi lasisi gobe, harsashi biyu gare shi kafin ya sake ɗurawa, ɓarawo kuwa yana riƙe da AK-47 mai cin harsashi 30, kuma ba shi kaɗai yake zuwa ba, a kan babura suke zuwa goma-goma. Gidan da aka san akwai bindiga shi ake fara nema, domin ita ma ganima ce. Na san Janar T.Y. Danjuma ya ce a Jalingo a 2018 jama'a su kare kansu, ina kuma girmama shi, amma bai ce kowa ya tsaya shi kaɗai a ƙofar gidansa ba.

Sarkin Dawa: Yallaɓai, mu mafarauta da adakarmu muka gada, amma ku tuna da Uromi a jihar Edo, a watan Maris na 2025, inda aka kashe 'yan'uwanmu 16 da ke hanyar komawa Kano yin Sallah saboda an ga bindigogin farauta a motarsu. Ni a ganina abin da ya fi gaggawa shi ne a yi wa mafarauci shaida wadda kowace jiha za ta girmama.

Ɗalibin Ilimi: Har yanzu Barista bai janye kalmar alfarma ba.

Shugaban Zaure: Jama'a, za mu tsaya nan saboda dare ya yi. Abin da na fahimta shi ne mafi yawanmu sun yarda cewa raba bindiga ga jama'a fitina ce, kamar yadda Barista da Hajiya da Yallaɓai Tsohon Soja suka yi bayani da hujja, kuma abin da ya kamata shi ne a ƙarfafa askarawa, aikin da an riga an fara shi a Zamfara. Waɗanda suka saɓa sun yi magana ne cikin zafin rai, muna kuma yi musu uzuri.

Ɗan Tasha: Shugaba, wa ya ƙirga wannan mafi yawan?

Manomin Dawa: Na gode wa kowa, amma tambayata a kan gyara dokar 1959 ce, ba wanda ya ce a gyara ko kada a gyara. An fara sharar gona, kuma ƙanena ya ce ba zai koma ba sai na raka shi.