Shawarwarin zaman Tudun Wada kan masu nakasa

Abin da mahalarta suka fi nanatawa shi ne a riƙa tambayar mai nakasa kafin a taimake shi. Kada ka fizgi sandar makaho, ka miƙa masa hannu ya riƙe. Idan kana magana da kurma, shi za ka fuskanta, ba tafintansa ba. Wata malama ta roƙi iyaye su daina ɓoye yaransu a ɗaki, su kai su makaranta.

An kuma tuna cewa dokar tarayya da aka sa wa hannu a 2019 ta ware wa masu nakasa kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Ni dai batun jari ya fi damuna: duk wadda aka koya wa ɗinki, a sallame ta da keken ɗinki.