Masu barin gashi ya dunƙule da kansa a Maradi, ku faɗo abin da kuka gani

Ɗalibi, unguwar Zariya:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Wata 7 ke nan da na aje mataji. Ba wanda ya murɗa mini, ban sa kakin zuma ba, so nake gashin ya kama da kansa, irin wanda wasu ke ce ma dada, wasu rasta. Ta ƙeya ya fara dunƙulewa, amma tsakar kai har yau gizo ne kawai. Abu biyu ke damuna: ƙaiƙayi tun da hunturu ya shigo, sai wasu guda uku bayan kunne da suka manne wuri ɗaya kamar faifai. Wani ya ce kada in wanke sai ya gama kamawa. Wanda ya taɓa bin hanyar nan a garin nan, don Allah ya taimaka mini da abin da ya gani da idonsa.

Ɗan kabu-kabu, unguwar Ali Ɗan Sofo:
Wa alaikumus salam ƙanena. Mataji za ka aje, ba ruwa ba. Ni ma an ba ni wannan shawara, na bi ta wata biyu, ina yini bisa babur tsakanin babbar kasuwa da tasha, ƙura na shiga zufa na bi. Gashin bai kama ba, maiƙo ya sa shi santsi. Sai da na koma wanki duk mako ya fara cin juna, don gashi mai tsabta ya fi saurin sarƙewa.

Yadda nake yi: in jiƙa sabulun salo cikin kofi ya narke, in tace, ruwan nake zubawa a fatar kai in cuɗa da yatsu. Ba na goga sabulun kai tsaye, gutsattsarinsa na maƙalewa ciki. Ɗauraya sau uku, na ƙarshe da ɗan lemun tsami cikin ruwan.

Amma abin da ya fi ba ni wahala danshi ne. Cikin damina, watan Agusta, na wanke bayan isha'i na kwanta, da asuba na kifa hular kwano na fita. Kwana uku ina haka. Wata dattijuwa da na ɗauko ta dafa kafaɗata ta ce, ɗana, ka duba kanka, yana warin tsumman da aka bari cikin bokiti. Ta yi mini alheri. Waje ya bushe, ciki na jiƙe, har ya fara ruɓa. Guda biyu masu kauri dole na yanke su. Tun daga ranar, wanki da hantsi nake yi, in matse da tsohuwar riga mai laushi, in zauna rana sai na matsa dunƙulen tsakanin yatsu ban ji sanyi ba.

Makitsiya, Mokoyo:
Ɗana, na fi shekara 20 ina kitso, kuma ƙanwata da ke zaune wurina shekara uku ke nan tana da dada, ni ke duba mata. Abin da na koya shi ne, kusan duk abin da ke gyara gashin kitso ɓata dada yake.

Ɗauki karkashi. Mu mata da shi muke wanke kai saboda yauƙinsa na warware gashi, tsefewa ta zo da sauƙi. To kai da kake neman sarƙewa, me za ka yi da mai warwarewa? Ƙanwata ta yi wanki biyu da shi a farko, waɗanda suka fara kamawa suka saki. Haka man kaɗe da man shanu. A kitso ana tsefewa a wanke su fita. A dada in sun shiga sun zauna, ƙurar hunturu ta bi su ta manne. Akwai wani yaro da ya zo mini da guda ɗaya da ya yi nauyi ya yi fari-fari, muka yanke, na tsaga shi da almakashi gabansa. Cikin kamar an cusa dusa da toka an kwaɓa da mai. Shekara guda yana lafta man kaɗe kullum don ya yi sheƙi. In fatar kai ta bushe, ɗiga mai mara kauri a kan yatsa, ka bi tsakanin saiwoyin kawai, shi ma ba kullum ba.

Ka san me ke sa dada kauri? Kowane mutum gashi 50 zuwa 100 ke zube masa a rana. Mai tsefewa a mataji yake ganinsu, kai naka ciki suke tsayawa su nannaɗe. Shi ya sa ba a gaggawa da shi. Gashi kusan santimita ɗaya yake ƙaruwa a wata, tsakar kanka da ka ce bai kama ba ka ba shi lokaci, wani sai ya haura shekara. Ƙeya ta riga shi ne don ita ke gugar matashi in ka kwanta.

Ukun nan da suka manne, ka raba su tun yanzu. Bayan wanki, gashin na jiƙe, ka riƙe biyu ka ja su a hankali har ƙasa, za ka ji ƙarar ɓarkewa kaɗan. Kada ka sa reza. Duk wanki ka zagaye kan da yatsu haka. Kuma in ya yi tsawo kada ka dinga tamke shi baya da ƙarfi, goshi ke ci, irin yadda kitso mai tsauri ke cinye gaban kan mata.

Ma'aikaciyar jinya, Sabon Gari:
Ni kan ƙaiƙayin zan tsaya. In fari-fari ne ke zuba kamar gari, amosani ne ko bushewar hunturu, wanki da ɗauraya mai kyau na rage shi. In ka ga ƙwai ƙanana manne da gashi bayan kunne da ƙeya, ƙwarƙwata ce. In wuri ya yi zagaye, gashin na karyewa yana ɓamɓaroki, makero ne, shi kuma shafe-shafe kaɗai ba ya kashe shi, sai maganin sha na makonni da likita zai rubuta. Ina roƙonku da Allah, kada wanda ya zuba fiya-fiya ko kananzir a kai. Na taɓa wanke ma wata yarinya kai da aka zuba ma fiya-fiya saboda ƙwarƙwata, ta zo tana amai, miyau na zuba, da ƙyar aka shawo kanta. Guba ce, ta fata ma shiga take.

Tela, Bagalam:
Shekarata 4 da shi. Wanki da bushewa an faɗa maka, ni maganar gida ce ta fi yi mini nauyi. A Maradi in aka ga namiji da irin wannan kai, wasu wiwi suke kawowa a rai, wasu taɓin hankali. Baba ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwata da sakin fuska. Ban yi gardama da shi ba, na tafi wurin malaminmu na zaure na tambaya. Ya ce tara gashi ba haramun ba ne, hadisi ya zo cewa wanda ke da gashi ya girmama shi, abin da aka hana shi ne aske wani ɓangare a bar wani. Sai ya ja kunnena kan wankan janaba: tsettsefe gashi farilla ne, dole ruwa ya kai fatar kai, in cuɗa saiwoyin da yatsu. Na dawo na faɗa ma Baba yadda muka yi. Bai ce komai ba ranar, amma da ya ga ina sahu kullum, kaina ba wari, hula ta rufe shi in za ni cikin manya, sai ya sassauto.

Mai shago, unguwar Ɗan Gulbi:
Ni na aske nawa bayan wata 14, lokacin da za a je nema mini aure, don Inna ta roƙe ni. Na ji zafin rabuwa da shi ƙwarai. Ƙanena, ka zauna da iyayenka tun yanzu, kafin ya yi tsawo ranka ya shaƙu da shi.

Ɗalibi, unguwar Zariya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Jiya Juma'a na wanke da hantsi da ruwan sabulun salo, ruwan farko ja ya fito kamar na Gulbi cikin damina. Inna makitsiya, biyu sun rabu yadda kika ce, na ukun ya riga ya kama har ƙasa, na bar shi haɗe da ɗan'uwansa. Ƙanwata ta duba mini bayan kunne a rana, ba ƙwai. Gwangwanin man kaɗen na mayar ma Mama, kuma gobe bayan magariba zan samu Baba da maganar.