Fim ɗin uwa mai cigiyar ɗanta: yaya za a riƙe fargabar mai kallo har ƙarshe?

Sabuwar Marubuciya:
Assalamu alaikum, manyanmu na harkar fim. Labari ne na minti 90 a cikin birnin Kano: yaro ɗan shekara biyar ya ɓace wa uwarsa a Kantin Kwari. Ba faɗa, ba tseren mota. Fargabar zuci ake so, har mai kallo ya soma shakkar hankalin uwar. Amma daga minti 30 sai labarin ya kwanta, ya zama kuka da yawo kawai. Ina gyaran yake?

Malam Mai Alƙalami:
Wa alaikis salam, ƙanwata. Abin da ke kwantar da shi, uwar tana nema amma ba ta gano komai. Shafi ɗaya na rubutun fim kusan minti ɗaya ne, to duk shafi takwas zuwa goma ki ba ta sabon bayani, ko ya taimake ta ko ya juya mata baya.

Yaron ya ɓace kafin shafi 12, amma mu fara saninsa da wani abu ƙarami, kamar silifas ɗin da ya tsinke aka ɗaure da zare. Sannan ki bi hanyar da mutanen gari ke bi da gaske: masu shaguna, sanarwa a lasifikar masallaci, gidan mai unguwa, ofishin 'yan sanda, cigiya a rediyo, gidan marayu na Nasarawa, tashar Unguwa Uku. Kowace ƙofa ta ci mata wani abu, ko kuɗi, ko mutunci, ko yardar miji.

A shafi 45 ki juya labarin: mai shago ya rantse ita kaɗai ya gani, ba yaro. Daga nan uwar miji ta ce iskoki ne, a kai ta ruƙiyya. Sai dai kada ki cuci mai kallo. Duk abin da zai warware ƙarshe, ki nuna shi tun farko, ko da a gefen hoto ne.

Ɗan Kyamara:
Yaya, in ƙara ta ɓangarenmu. Fuskar uwar a ɗauke ta da gilashin kyamara na 85mm, mai jawo abu kusa, bayanta ya dushe, ta zama ita kaɗai cikin cunkoso. In ana son kasuwa ta danne ta, a koma gilashin 24mm, mai ɗaukar wuri da faɗi, kyamara a kafaɗa. Ɗaukar fim a Kwari sai da izinin shugabannin kasuwa, kuma a sa naku mutanen, kamar ashirin, a kusa da ita, don 'yan kasuwa kallon kyamara suke yi, hoton ya lalace.

Sauti ya fi hoto ba da tsoro a irin wannan fim. Ƙarar janareta da adaidaita sahu na cinye magana, to a maƙala mata ƙaramin makirufo a ƙarƙashin mayafi, a kuma naɗi minti ɗaya na hayaniyar kowane wuri don edita ya cike gurbi. Lokacin da ta waiga ba ta ga yaron ba, a yanke kiɗa gaba ɗaya, a bar numfashinta.

Hajiya Ta Bayan Fage:
'Yata, ki rage kukan, don Allah. Ki mai da yaron ɗan fari. Uwa Bahaushiya tana yi wa ɗan fari kara, ba ta kama sunansa, sai "yaron nan". Ki bar ta haka a gaban mai unguwa, a gaban ɗan sanda, har mai kallo ya ji kamar ya faɗa mata sunan. Ranar da ta tsaya tsakiyar tasha ta ƙwala sunansa da ƙarfi, wannan ya fi kuka goma.

Ki sa mata lalle ranar da ya ɓace, dushewarsa ta riƙa ƙirga mana kwanaki. Amma tunda ba a jere ake ɗaukar fim ba, a ɗauki hoton hannunta na kowace rana ta labarin, mai kwalliya ta riƙa daidaitawa.

Kuma ki tuna yaran Kano tara da aka sace, 'yan sanda suka gano su a Anambra a 2019. Ciwon bai warke wa iyaye ba, kada ki ɗauko labarin wani gida, kada ki ɗora laifi a kan wata ƙabila. Yaron da zai fito a fim ɗin ya zo da mahaifinsa ko mahaifiyarsa, a gama aikinsa da safe kafin ya gaji. Fim kuma sai ya bi ta Hukumar Tace Fina-finai ta jiha, to wurin da za a nuna ruƙiyya da duk inda aka ga yaro cikin wahala, a nemi shawararsu tun a takarda.